Gizo-gizo mai siraran ƙafafu a kusurwar ɗaki: shi ne ya yi wa yarona fitsari?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Wata 4 ke nan da muka tare a sabon gida. Banɗaki da sito da saman labule duk sun cika da wani irin gizo-gizo mai ɗan mitsitsin jiki da dogayen ƙafafu sirara kamar gashi. In na share yanar yau, kafin sati ta dawo. In an taɓa shi sai ya kama karkarwa har ba ka iya ganinsa sosai. Shekaranjiya ɗana mai shekara 5 ya tashi da ƙuraje masu ruwa a wuya. Maƙwabciyata ta ce tautau ne ya yi masa fitsari, ƙanena kuma ya ce ya gani a intanet wai wannan gizon ya fi kowanne dafi a duniya. Maigida ya ce zai sayo fiya-fiya mu yayyafa mu rufe ɗakunan. Me za ka ba mu shawara?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya ba yaro lafiya. Kafin mu shiga komai, don Allah ki roƙi maigida ya dakata da maganar fiya-fiyar nan. A cikin duk abin da kika lissafa, ita kaɗai ce ta tayar mini da hankali. Gizon da kika kwatanta ba ya cutar da mutum, kuma ba shi ne ya taɓa wuyan ɗanki ba.

Karkarwar da kika ambata ita ta tabbatar mini da ko wane ne. Dangi ne da masana ke kira Pholcidae, kuma a cikin ire-iren gizo-gizo sama da 50,000 da aka sani a duniya, wannan dangi kaɗai yana da kusan 2,000. A Turai da Amurka suna ce masa gizon ɗakin ƙarƙashin ƙasa, domin gidajensu na da wani ɗakin ajiya da ake haƙawa a ƙasan gini, mai duhu da danshi, kuma can suka fi cin karo da shi. Mu ba ma irin wannan gini, shi ya sa a wurinmu yake zaɓar banɗaki, sito, bayan randa, ƙarƙashin gado, bayan kwaba, tsakanin azara, da saman zaure inda tsintsiya ba ta kaiwa. Asalin mazauninsa kogo ne da tsagar dutse da ƙarƙashin duwatsu. Shi a wurinsa ɗakinki kogo ne mai kyau: ba iska mai ƙarfi, ba ruwan sama, ba tsuntsu, ga abinci yana shigowa da kansa duk dare idan an kunna fitila.

Wanda ya fi suna a littattafai shi ne Pholcus phalangioides, wanda wani mutumin Suwizalan mai suna Füssli ya fara bayyanawa a 1775. Jikin macen bai kai santimita 1 ba, amma ƙafa ɗaya takan ninka tsawon jikin sau 5 ko 6. A ƙasashen sanyi ba ya iya rayuwa a waje, sai cikin gida. A Ingila ma da can kudancin ƙasar kawai ake ganinsa, sai da ɗumama gidaje ya yawaita sannan ya yaɗu zuwa arewa. Mu nan ƙasar zafi 'yan'uwansa ne suka fi yawa. Akwai Crossopriza lyoni, wanda cikinsa ke da kusurwa-kusurwa kamar ɗan akwati da ɗan tsini a baya, akwai kuma Artema, mai ƙaton ciki zagayayye, wanda shi ne mafi girma a dangin. A 2013 Bernhard Huber na gidan tarihin halittu na Koenig da ke Bonn a Jamus, tare da Peter Kwapong na Ghana, sun bayyana wani sabon irin Artema suka raɗa masa sunan garin Bunkpurugu na arewacin Ghana. Wato dai wannan halitta ba baƙuwa ba ce a yankinmu, kuma ba alamar ƙazantar gidanki ba ce. Masu bincike a birnin Raleigh na Amurka sun bi gidaje 50 ɗaki-ɗaki suna tattara duk wani ƙwaro da suka gani, aka buga sakamakon a 2016: babu gida ko ɗaya da ba a sami gizo-gizo ba, kuma wannan mai dogayen ƙafafu yana cikin iri biyu da suka fi yawa.

Maganar ƙanenki kuwa tsohuwar jita-jita ce da ta daɗe tana yawo tun kafin a san intanet. Yadda ake faɗarta shi ne wai dafinsa ya fi na kowa, sai dai haƙoransa sun yi gajarta ba sa iya huda fatar mutum. Duka ɓangarorin biyu ba daidai ba ne. Haƙorin gajere ne ƙwarai, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, amma yana iya taɓa saman fata idan aka matsa masa. A 2004 wani shirin kimiyya na talabijin a Amurka ya gwada abin, mai gabatarwa ya zura hannunsa cikin akwati cike da su har ɗaya ya cije shi. Abin da ya ji bai wuce ɗan zafi na 'yan daƙiƙoƙi ba. Dafin nasa na ƙwari ne, a kansu yake aiki. Abin da ya jawo masa wannan suna, a ganina, shi ne an sha ganinsa yana kashe gizo-gizo masu dafin gaske, irin wani mai jan tabo a baya da ke Ostareliya, sai mutane suka ce ai wanda ya kashe mai dafi dole ya fi shi dafi. Alhali da dabara yake kashe su, kuma zan zo kan wannan.

Yanzu batun tautau, wanda nake so mu ɗan tsaya a kai, domin a nan ne ake cutuwa da gaske. Kusan kowannenmu ya taso yana jin cewa idan mutum ya wayi gari da ƙuraje masu ruwa kamar ƙuna, to tautau ne ya bi ta kansa da dare ya yi masa fitsari. Gizo-gizo ba ya fitsari irin wanda muke nufi. Bahayarsa ɗan ɗigo ne fari-fari mai kauri, wanda za ki iya gani a bango ko a ƙasa daidai ƙarƙashin yanarsa, kuma ba ya ƙona fata. Shi wannan mai dogayen ƙafafu ma ba mai yawo ba ne. Yakan yi kwanaki a rataye a wuri guda, kai a ƙasa ƙafafu a sama, ba shi da abin nema a kan gadon yaro.

Abin da ya fi haddasa irin ƙurajen da ake ɗora wa tautau wani ɗan siririn ƙwaro ne da ake kira Paederus, tsawonsa kimanin santimita 1, jikinsa ja da baƙi rabe-rabe, kamar doguwar tururuwa. Yana yawaita da damina, musamman kusa da fadama da gonakin shinkafa, kuma hasken fitila yake bi ya shigo ɗaki. Ba ya cizo, ba ya harbi. Guba ce a cikin ruwan jikinsa, idan ya hau wuyan mutum cikin barci aka murje shi da hannu sai ruwan ya shafi fata. Ba a jin komai a lokacin, sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya ɗuri ruwa, yana zafi kamar ƙunar wuta. Sau da yawa tabon a miƙe yake kamar an ja layi, daidai yadda hannu ya share ƙwaron, kuma idan a gwiwar hannu ne ko a lanƙwasar wuya sai ki ga ciwon ya fito gefe biyu da suka haɗu. Wuya da fuska da hannu su ne wuraren da ya fi kamawa, domin su ne a buɗe. Duk wanda ya ga wannan ƙwaro a jikinsa ya hure shi ko ya kakkaɓe shi da takarda, kada ya murje, in kuma an riga an murje a wanke wurin da sabulu da ruwa nan take, a kuma kiyaye kai hannun ido.

Akwai wasu abubuwa biyu da su ma ake kira tautau. Ɗaya shi ne ciwon da ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa idan ta farfaɗo bayan shekaru: ƙuraje masu ruwa a jere kamar ɗamara, a gefe ɗaya na jiki kawai, da zogi mai tsanani. Ya fi kama manya, kuma maganinsa ya fi aiki idan aka fara shi cikin kwana 3 na farko, don haka zaman jiran tautau ya warke asara ce. Ɗayan kuma ƙurajen ƙwayoyin cuta ne da ke yawan kama yara, masu fashewa su yi ɓawo ruwan zuma, suna kuma yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Tunda ban ga wuyan ɗanki ba, abin da ya dace shi ne likita ko ma'aikacin lafiya ya duba shi, yau ko gobe. Kafin nan a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a yanke masa farce, kada a fasa ƙurajen, kada a shafa toka ko man goge baki ko kananzir. In da zazzaɓi, ko ciwon na faɗaɗa, ko ya kusanci ido, kada a kwana.

Tunda mun zo kan magungunan gida, bari in ƙara da wani abu da na sha gani: ɗebo yanar gizo a danna a kan sabon yanka don jini ya tsaya. Tsohuwar yana cike take da ƙura da gawar ƙwari, kuma ta wannan hanya ƙwayar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, na iya shiga rauni. Tsumma mai tsabta da dannawa da ƙarfi su ne ke tsayar da jini.

To me wannan gizo yake yi a gidanki? Farauta. Yanarsa ba irin mai kyan tsarin nan ba ce da ake gani a lambu kamar an zana da hannu. Zaruruwa ne a hargitse ta ko'ina, kuma galibinsu babu danƙo a jikinsu. Ƙwaro yakan shiga ya rikice ne kawai, kafin ya sami hanyar fita mai gidan ya iso. A nan dogayen ƙafafun suke amfani: yana tsayawa nesa, ya riƙa zaro zare daga bayansa da ƙafafun baya yana jifan abin da ya kama da shi cikin sauri, har sai ya naɗe shi tam kamar ƙullin goro. Sai abin ya kasa motsi sannan ya matso ya cije shi, ya zuba masa ruwan narkar da abinci, ya tsotse cikin, ya yanke ƙullin ya yar. Ɓawon ƙwarin da kike sharewa a ƙarƙashin yanar ragowar abincinsa ne. Ki tsuguna wata rana ki duba su, za ki ga sauro, ƙananan ƙudaje, tururuwa, asu, shinge idan lokacinsa ne.

Da wannan dabara yake cin gizo-gizon da ya fi shi girma da dafi. Idan abinci ya yi ƙaranci yakan bar tasa yanar ya je bakin ta wani, ya riƙa taɓa zaren a hankali kamar ƙaramin ƙwaro ne ya faɗa ciki. Mai yanar ya fito da gudu zai kama abinci, sai ya tarar da zare na sauka a kansa daga sama, shi kuwa haƙoransa ba sa kaiwa ga jikin da ke can nesa bisa dogayen ƙafafu. Robert Jackson da abokan aikinsa a Niyu Zilan sun yi nazarin wannan hali dalla-dalla a shekarun 1980. Duk lokacin da na tuna da shi sai Gizo na tatsuniya ya faɗo mini a rai, wanda ba shi da ƙarfi amma kullum da wayo yake kayar da manya. Kakanninmu sun kalli wannan halitta da kyau kafin su ba ta wannan matsayi.

Karkarwar da kika gani kuma kariya ce. Idan ya ji an taɓa yanar da abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya riƙe zaren da ƙafafu ya riƙa juya jikinsa da sauri har ya zama kamar hazo, ta yadda mai son kama shi ba zai iya saita shi ba. Yana da maƙiya da yawa: tsaka, ƙaramin gizon nan mai tsalle da ke bin bango, da zanzaro, wanda ke kama gizo-gizo ya cusa a cikin ɗakinsa na laka don 'ya'yansa su ci. In an kama shi ta ƙafa yakan saki ƙafar ya tsira, shi ya sa za ki ga wasu da ƙafa 6 ko 7 maimakon 8. Tsoro ne ke sa shi rawar nan, ba shirin kawo hari ba.

Game da sauro, an yi bincike a Tailan a shekarun 1990 kan Crossopriza lyoni, aka tabbatar yana cin sauron Aedes aegypti, wanda ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara. Taimako ne na gaske, kuma kyauta. Amma ba na so ki ɗauka ya isa ya kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Yana cin wanda ya faɗa yanarsa ne kawai, saura kuma suna nan. Gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa kowane dare.

Akwai abin da nake so ki nema da idonki, domin shi ya fara sa ni son wannan dangi. Wani lokaci za ki ga ɗaya riƙe da ɗan farin ƙullin abu a bakinta, kamar 'yan ƙwayoyin gero da aka ɗaure da zare biyu-uku. Uwa ce da ƙwanta, galibi 20 zuwa 30. Sauran gizo-gizo da yawa sukan saƙa wa ƙwai jaka su liƙa a wani wuri su tafi, ita kuwa a baki take ɗauke da nata na tsawon makonni, da ƙyar take ajiyewa ta ci abinci, har su ƙyanƙyashe. Bayan nan 'ya'yan sukan zauna kusa da ita na 'yan kwanaki kafin kowa ya kama gabansa. Sukan yi saɓa sau 5 ko fiye kafin su girma, kuma fatar da suka tuɓe tana nan a rataye da siffarsu cif. Da yawa daga abin da kike ɗauka gizo-gizo ne a saman labule, in kika duba da kyau fanko ne. Babba yakan rayu shekara 2, wani ma ya haura.

Dalilin da ya sa yanar ke dawowa kuma take muni shi ne, shi ba ya cinye tsohuwar yanarsa ya saƙa sabuwa kamar yadda gizon lambu ke yi. Ƙari yake yi a kai kullum, in wuri ya ishe shi ya bar ta ya koma gefe. Ƙurar hunturu ta sauka a kai, hayaƙin girki ya bi, sai ta zama baƙar kunkunniya tana reto. Idan kika share yanar shi kuma ya sulale ya faɗa bayan kwaba, cikin dare ɗaya ko biyu zai fara wata. Na san kuma ana cewa barin yana a ɗaki na kawo talauci. Hukuncin wannan magana na malaman addini ne, amma ta fuskar tsabta ba ni da ja: a share. Ba na cikin masu cewa a bar ɗakin kwana ya zama kogo don tausayin gizo.

Abin da ba na so shi ne guba. Fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalabe marasa suna yawanci dichlorvos ce, maganin ƙwarin gona, kuma hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta sha gargaɗi kan amfani da shi a cikin gida. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, yana taɓa jijiyoyi, ƙananan yara da masu asma da masu juna biyu su ne ya fi yi wa illa, ga shi yana sauka a kan kwanuka da katifa da buhun hatsin da ke sito. Sannan ko ta fuskar aikin da ake so ya yi, ba ya biyan buƙata. Wannan gizo a kan zare yake rataye, da ƙyar jikinsa ke taɓa bangon da aka fesa. Waɗanda iskar maganin ta kashe, wasu za su maye gurbinsu cikin 'yan makonni muddin abincin da ya kawo na farko yana nan. Yawansu a banɗaki da sito yana gaya miki ne cewa ƙwari na shigowa da yawa, kuma akwai danshi. Sabon gida da ya daɗe a rufe kafin a tare, dole a tarar da su sun yi sansani.

Saboda haka ta nan za a ɓullo wa abin. Ki sami doguwar sanda ki ɗaura mata tsintsiyar laushi ko tsumma, ki bi kusurwoyi sau ɗaya a sati, ki naɗe yanar da mai ita gaba ɗaya ki kakkaɓe a waje bayan gida. Sati 4 ko 5 a jere za ki ga sun ragu sosai, domin kina kwashe iyaye mata da ƙwansu kafin a ƙyanƙyashe. A sa raga a tagogi, a gyara wadda ta yage, a toshe ƙasan ƙofa. Ƙwan lantarkin da ke daidai bakin ƙofa ko taga a matsar da shi gefe, domin shi ke kiran ƙwari, har da Paederus ɗin da nake zargi da wuyan ɗanki. A gyara famfon da ke ɗiga, a riƙa buɗe tagar banɗaki ya sha iska, a rufe randa da duro. A sito a ɗaga kwalaye da buhuna daga ƙasa, a ɗan janye su daga bango yadda tsintsiya za ta ratsa. In da ni ne, zan share ɗakunan kwana da falo da kicin tas, in bar biyu-uku a saman sito da gareji da zaure, inda ba sa damun kowa, su ci gaba da cin rabonsu na sauro.

Gizo ɗaya ne nake so ki koya wa yara su sani, ba kuwa wannan ba. Wani ne mai gajerun ƙafafu idan aka kwatanta, cikinsa zagayayye kamar ƙwayar wake, launin ƙasa-ƙasa, da jan tabo ko ruwan lemo a ƙarƙashin cikin. Masana na kiransa Latrodectus geometricus, yana kuma ko'ina a Afirka. Ba ya son saman ɗaki, ya fi zama ƙasa-ƙasa: ƙarƙashin kujerar roba, leɓen bokiti, cikin tsohuwar taya, bayan tukunyar fure. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce jakar ƙwansa, farar ƙwallo ƙarama mai tsini-tsini kamar ƙarangiya. Ba shi da faɗa, sai an matse shi yake cizo, amma cizonsa na da zafi sosai kuma yakan sa ciwon jiki da gumi, don haka yaron da ya ciza a kai shi asibiti. Idan kika ga irin wannan jaka a wurin wasan yara, ki sa takalmi ki murƙushe ta, ki juya kujerun tsakar gida ki duba ƙarƙashinsu lokaci-lokaci, a kuma riƙa kakkaɓe takalman da suka kwana a waje kafin a sa ƙafa.

Yau da dare, kafin yaron ya kwanta, ki haska fitila ki duba bangon da ke kusa da gadonsa da zanen gadon ko za ki ga ɗan ja-da-baƙin ƙwaron nan. Ki sauke masa gidan sauro ki cusa gefunansa ƙarƙashin katifa, ki kashe fitilar ɗakin. Gobe da safe kuma a kai shi a duba wuyan. Allah ya ƙara sauƙi.